Ƙofar Da Suka Zaɓa Wa Malam Kilina

Allah da Ya ba mu aron Malam Ya karɓi abinsa ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Daga wurinsa muka zo, kuma can kowa zai koma, ko ya shirya ko bai shirya ba. Ina shago ina yanka katako waya ta yi ta kuka a aljihuna, ƙarar zarto ta hana ni ji sai a kira na uku. Babbar 'yarsa ce. Ta ce, "Yaya, Baba ya rasu." Na ajiye zarton na zauna a ƙasa cikin dusar katako. Abin da ya fara zo mini ba hawaye ba ne, kunya ce. Sau biyu ya aiko a kira ni yana kwance, sau biyun ina cewa gobe.

An hore mu da ambaton mamaci da alheri, kuma haka zan yi, Malam, domin ban san wani abu game da kai ba sai alheri. Amma ba wanda ya ce a shafa wa masu rai alherin da ba su aikata ba. Duk wanda ya ɗauki wannan rubutu yana neman kalamai masu sanyaya rai, gara ya ajiye tun yanzu. Raina a ɓace yake. Mutum uku nake jin haushi: Mai Makaranta, da Hedimasta, da kafintan da ke wannan rubutu.

Ga wanda bai san ka ba, shekara talatin da biyar ka yi kana koyar da lissafi a firamare guda, daga aji huɗu zuwa aji shida. Mutane da yawa ba su ma san ainihin sunanka ba, Malam Kilina kawai suke cewa, kana kuwa amsawa. Sunan ya samo asali ne daga wani babban gwangwanin madara da kake ajiyewa a kan teburinka. Ranar farko ta kowace shekara sai ka zagaya aji da shi, kowane yaro ya jefa kilinarsa ciki, wato robar nan ta goge fensir. Mai sabuwa ya jefa, mai guntuwar da ya tauna rabinta ya jefa. Wanda ya ɓoye tasa cikin safa ka san da shi, za ka tsaya a kansa kana girgiza gwangwanin har sai ya ciro. A ajinka ba a goge kuskure. Idan yaro ya yi ba daidai ba, layi ɗaya zai ja a kai, siriri, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, sannan ya sake gwadawa a gefe. In ya sake faɗuwa ya sake jan layi. Kana cewa, "In ka goge, ta ina zan gane inda ka ɓata hanya? Bar mini sawunka in bi."

Ni na zo hannunka ina ɗan shekara goma, bayan na maimaita aji uku. A lokacin ana zaunar da yara ne gwargwadon sakamakon jarrabawa, na ɗaya a gaba kusa da allo, na ƙarshe a baya kusa da kwandon shara. Ni da kwandon nan mun saba, mun daɗe muna maƙwabtaka. Katako malamai suke kirana, wai kaina ba ya ɗaukar komai. Yara suka ɗauka, har a gida yayyena suka ɗauka. Cikin ikon Allah yau da katakon nake ciyar da iyalina, amma a wancan lokacin ba abin dariya ba ne. Na yarda da sunan. Na daina ƙoƙari, domin me zai sa in wahalar da kan da manya suka riga suka ce babu komai a cikinsa? Dabarata ita ce in rubuta duk lambar da ta zo mini, in goge, in rubuta, in goge, har takardar ta huje, a kaɗa ƙararrawa in miƙa.

Da ka ƙwace kilinata, maɓoyata ka ƙwace. A mako na biyu ka ɗauki littafina ka daɗe kana kallo. Na sunkuyar da kai ina jiran bulala ko dariya. Sai ka zauna a bencina, ni da kai da kwandon shara, ka sa yatsa a kan wani lissafin debewa da na ja wa layi har sau huɗu. Ka ce, "Ka ga nan? Duk sau huɗun wuri ɗaya ka faɗi. In ka ari ɗaya daga lambar da ke gefe, sai ka manta ka rage mata. Sauran duk daidai ne. Abu ɗaya ne ba ka iya ba, ba lissafi ba." Ban taɓa jin wanda ya ƙirga abin da ban iya ba ya samu ɗaya tak ba. Ni a sanina komai ne ban iya ba.

Ba zan yi ƙarya in ce daga ranar na zama gwani ba. Na ci gaba da faɗuwa, kai kuma ka ci gaba da naci, kuma wallahi akwai ranakun da na tsane ka. Yara suna waje suna ƙwallo, kai ka tsare ni ka ba ni zare, ka ce in auna benci, in auna taga, in raba tsawon ƙofa gida huɗu. A jikin ƙofar ajinmu na fara gane mene ne rabi, mene ne kwata. Da ƙarshen zango ya zo ka yi abin da kake yi kowane zango. Kowane yaro zai duba shafin farko na littafinsa, ya duba na ƙarshe, ya tashi ya gaya wa aji abu ɗaya da ya iya yau wanda bai iya ba a wancan shafin. Ba ka tambayar wa ya zo na ɗaya. Na tashi na ce na iya debewa mai aro. Aji ya fashe da dariya, don karatun 'yan aji biyu ne. Ka ce, "Ku tafa masa, ya fi kowa nisan tafiya a ajin nan." Na talatin da takwas na zo cikin arba'in da ɗaya, amma na koma gida kamar an saya mini keke.

Mahaifina direban babbar mota ne, bai yi karatu ba, kuma da ya ji na talatin da takwas ya ce ya isa haka, in bar makaranta in bi shi hanya. Ka zo har gida da littafin nan, ka zauna a dakalin ƙofarmu ka buɗe masa shafuka biyun. Ya ce shi ba ya karatu. Ka ce, "Ba sai ka karanta ba, ƙirga layin da aka ja kawai." Ya ƙirga tara a shafin farko, biyu a na ƙarshe. Ya sake ƙirgawa, sannan ya ce a bar ni in ƙara shekara guda. Wannan shekara gudar ce ta haifi sauran.

Kuma ba mu na baya kaɗai ka takura wa ba. Kalma biyu ka haramta a ajinka, daƙiƙi da haziƙi. Ka ce duk ƙarya ce iri ɗaya, ta farko tana sa yaro ya daina gwadawa, ta biyu tana sa shi tsoron a gan shi yana gwadawa. Akwai yarinyar da ke zuwa ta ɗaya kullum, 'yar mai kantin magani, littafinta fes ba layi ko ɗaya. Ka duba ka ce, "Ayya, na cuce ki, ina ta ba ki abin da kika riga kika iya." Ka ɗauko mata lissafin aji shida. Ranar da ta fara jan layi ta yi kuka har da majina, ta kai ƙara gida, ubanta ya zo da faɗa. Ka bar shi ya gama, sannan ka ce, "'Yarka yau ta fara karatu." Yarinyar nan yanzu injiniya ce, gadoji take ginawa, kuma na gan ta a gidan rasuwa tana kuka irin na waccan ranar.

Haka ka yi ta yi har makarantar ta canja hannu shekara biyar da suka wuce. Sabon Mai Makaranta mutum ne mai son ƙyalli. Ya sa aka yi fenti, aka gina sababbin ɗakuna kusa da ofis, ya kawo Hedimasta mai jakar hannu da dogayen kalmomi, su biyun suka ƙirƙiro abin da suka kira Sashen Masu Baiwa. Ana ɗaukar yaro ɗan shekara shida, wanda bai gama iya ɗaure takalminsa ba, a yi masa jarrabawar awa ɗaya. Wanda ya ci a kai shi sababbin ɗakuna masu fanka da labule. Wanda bai ci ba a tura shi tsofaffin ɗakunan ƙarshen baranda, kusa da banɗaki, kuma nan zai zauna har ya bar makarantar. Ba a sake jarrabawar. Ko zazzaɓi yaro yake yi ranar, ko baƙon malami ya tsorata shi, shi ke nan, an yanke masa hukuncin shekara shida cikin awa guda. Autata tana cikin rukunin farko da aka yi wa wannan awon. Haƙori ke mata ciwo ranar, ta ƙi buɗe baki, aka tura ta ƙarshen baranda. Ka tashi a taron malamai ka ce wannan ba makaranta ba ce, wurin tantance ƙwai ne. Don su hukunta ka suka ce daga yau 'yan ƙarshen baranda kaɗai za ka koyar, kai kuma ka ce ka gode.

Shekara biyu da suka wuce, Auta tana aji huɗu a hannunka, aka kira taron iyaye. Hedimasta ya riga ya shirya kayansa. Ya ɗaga littafi biyu, ɗaya daga Sashen Masu Baiwa, fari tas, ɗaya daga ajinka, layi a kan layi, gyara a gefen gyara. Ya zagaya da na biyun yana riƙe da shi da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera ta wutsiya. Ya ce, "Ku dubi ƙazanta. Wannan malamin alfahari da kuskure yake koya wa 'ya'yanku." Iyaye suka hau hayaniya. Wata ta ce sau uku tana sayen kilina ana ƙwacewa. Wani ya ce tsufa ne, a tausaya masa a sallame shi. Littafin nan tun daga nesa na gane shi, domin ni na yi masa bango da takardar buhun siminti. Na Auta ne. Na san abin da ke shafin farko, na san abin da ke na ƙarshe. Yarinyar da ta shiga ajinka ba ta iya ko lissafin sau biyu ba, ta kai ga rabawa mai saura.

Hedimasta ya ce, "In akwai uban da ya gamsu da wannan, ya tashi mu gan shi." Ka juyo ka dube ni, Malam. Ba kallon roƙo ba ne, kallon malami ne da aka yi tambaya a ajinsa kuma ya san akwai yaro ɗaya da ya san amsa. A lokacin akwai benci sittin na ƙarin ɗakunan Sashen a shagona, rabi an haɗa, rabi ba a haɗa ba. Na tuna da su, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ba wanda ya tashi.

Ba su kore ka ba, don korar mutum irinka tana jawo surutu. Sun yi abin da ya fi kora muni, suka miƙa maka makullin ɗakin ajiya, ka koma mai ba da alli da tsintsiya. Mutumin da ya koya wa rabin unguwa lissafi yana zaune tsakanin karyayyun kujeru, yana jiran a aiko karɓar dastar goge allo. Shekara guda ka jure, sannan ka ajiye musu makullinsu ka koma gida kana tara yaran layi a barandarka da yamma. Ba taron sallama, ba ko takardar godiya. Ranar da ka fita da gwangwaninka a hammata, Mai Makaranta yana ofis, bai leƙo ba. Maigadi ne ya raka ka bakin titi.

A nan ina da ƙorafi a kanka kai ma, Malam, ka yafe mini. Wata uku bayan taron ka zo shagona da wata 'yar kujera mai karyayyar ƙafa, wadda ko kai da kanka za ka iya gyarawa. Na hango tahowarka na rasa inda zan shiga. Ka zauna, ka tambayi iyali, ka ɗauki tef ɗina na awo kana ja yana komawa, ka ce, "Yaya Auta da rabawa mai saura? Kar ka bari ta koma gogewa." Ba ka ce komai game da taron ba. Na jira, na jira, ka karɓi kujerarka ka yi godiya ka tafi. Da ka zage ni a gaban maƙwabta, da na samu abin riƙewa in ce ai ka rama. Ka bar ni da abina ɗungurungum. Sai daga baya na gane gefen shafi ka bar mini, kana jiran in sake gwadawa. Ban gwada ba. Hanyar zuwa shago na canja don kada in bi ta layinka.

Sai ga shi ka rasu, kwatsam kowa ya zama masoyinka. Kwana ɗaya da rasuwar Mai Makaranta ya iso gidanka da mota da 'yan rakiya, Hedimasta yana biye da shi riƙe da hankici. Na ji Mai Makaranta da kunnena yana cewa an yi rashin ginshiƙi, an yi rashin uba. Ginshiƙin da kuka jingine a ɗakin ajiya tare da karyayyun kujeru! Wanda ya riƙe littafin nan da yatsa biyu shi ya fi kowa tsawon addu'a. Mama, matarka, tana ciki tana jin su ta taga. Kafin su tashi Mai Makaranta ya sanar cewa za a sa sunanka a makaranta don tunawa, ya waiwayo ya ce, "Kafinta, kai za ka yi mana allon. Mai kyau fa." Ni kuma wawa na ji daɗi. Na ce ga hanyar da zan ɗan wanke kaina.

Na ɗauko katakon da ya fi kowanne kyau a shagon, wanda na daɗe ina ɓoyo ina jiran aikin da ya cancance shi. Kwana huɗu ina kansa, na goge shi da sanfefa har ya yi santsi, na sassaƙa sunanka harafi bayan harafi, na shafa masa mai. Ranar Litinin na ɗauki tef na tafi auna inda za a kafa. Hedimasta ya yi mini jagora da fara'a har ƙofar Sashen Masu Baiwa, ya nuna sama ya ce, "Nan. In iyaye sun shigo, shi za su fara gani." Na ce, "Yallaɓai, nan fa? Ai a kan wurin nan ya yi ta faɗa har kuka cire shi daga aji." Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ya wuce. Sunansa yana da farin jini wurin tsofaffin ɗalibai, kuma su ne iyayen yanzu. Kai dai auna ka buga ƙusa, sauran ba aikinka ba ne." Wato da ranka sun ƙi hanyarka, da ka mutu kuma suna son sunanka ya yi musu tallan abin da ka tsana. Ban taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba.

Ban auna ba. Na ce na manta fensir, na bi baranda har ƙarshe. Ajin da Auta take yanzu shi ne ajinmu na da, ƙofar ma ita ce, wadda na raba gida huɗu da zare. Na leƙa ta taga. Tana bencin baya, ta duƙa a kan littafi tana gogewa da ƙarfi, ta hure, ta sake gogewa, har na ga takardar ta yage. Ta waiga ko wani ya gani, ta rufe wurin da tafin hannu. Shekara talatin da biyu suka dawo mini ina tsaye. Da aka tashi muna tafiya gida na ɗan tambaye ta lissafi, sai ta ce, "Baba, ka daina wahalar da kanka. Mu 'yan ƙarshen baranda ba mu da kan lissafi, an auna mu tun muna aji ɗaya." Da kuka ta faɗa, da da sauƙi. Ta faɗa ne yadda mutum zai gaya maka lambar takalminsa.

Washegari na je wurin Mama na gaya mata komai, har taron, har benci sittin. Ta ce, "Ya sani, ɗana. Ya ce aikin benci ne ya riƙe maka ƙafa, kuma za ka tashi, lokaci ne bai yi ba." Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, gindinsa duk tsatsa. Ta ce, "Abin da ya aika a kira ka ya ba ka ke nan." Ƙarshen kowace shekara kana mayar wa kowane yaro kilinarsa, amma akwai masu cewa ba sa so, ka riƙe. Su ne a ciki, sun kusa cika shi, wasu sun bushe sun yi tauri. Na san tawa tana ciki, ban dai neme ta ba.

Jiya Alhamis, lokacin hutun safe, yara sun cika tsakar makaranta, na shiga da allon a kafaɗa, da guduma da tsani. Maigadi ya buɗe mini ƙofa, ya ga inda na nufa, ya kau da kai. Na wuce ofis, na wuce Sashen Masu Baiwa, na jingina tsani a ƙofar ajinka na ƙarshen baranda. Ƙusa takwas na buga, 'yan inci huɗu, na lanƙwashe su ta baya. Kafin in sauko Hedimasta ya iso yana haki. "Wa ya ba ka izini? Kuskure ka yi, ba nan ba ne!" Na ce, "Yallaɓai, kuskuren a gabanka na yi shi shekara biyu da suka wuce. Wannan gyaran ne." Sannan na ɗaga murya yadda malamai da yara za su ji, na ce littafin da aka ɗaga ranar taron iyaye na 'yata ne, kuma ni ubanta na gamsu da shi. Amsar ta makara da shekara biyu, kuma wanda ya jira ta yana ƙarƙashin ƙasa.

Kafin la'asar saƙo ya same ni. Babu ni babu aikin makarantar har abada, kuma in nema wa 'yata wani wurin da za ta rubuta jarrabawar fita. Na ji, na karɓa. Allon kuma sun ce za su cire. Ku cire mana! Sai dai ku nemo kafinta daga wata unguwa, domin duk mai riƙe guduma a nan, ko shi ko ɗansa ya taɓa jefa kilina a gwangwanin nan. In ma kun samu mai cirewa, ramukan ƙusa takwas za su zauna a saman ƙofar, yara za su tambaya, kuma za a samu mai ba su labari. Kai Mai Makaranta, da kai Hedimasta, in da gaske girmama shi kuke so, ga hanya a buɗe: ku daina auna ɗan shekara shida sau ɗaya ku ce kun san ƙarshensa. In ba za ku iya ba, ku cire sunan Malam daga bakinku, ku mayar da hankicinku aljihu.

Da yamma na zaunar da Auta a shago, na ajiye gwangwanin a kan teburin aiki, ban ce mata komai a kansa ba. Na ba ta tef da fensir da guntun katako, na ce ta raba mini shi gida uku daidai. Ta yi alama, ba daidai ba. Hannunta ya tafi aljihu. Ta dube ni, ta dubi gwangwanin, ta daɗe a haka, sannan ta ciro kilinar ta jefa ciki. Ta ja layi a kan alamar ta sake. Ta biyu ma ba daidai ba ce, ta uku ma haka. Muna nan dai, Malam, katakon ya cika da layi, kuma har yanzu ba ta ce a bari ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da babbar 'yarka da ƙannenta, da jikokinka, da maigadin da ya raka ka bakin titi, da duk wanda ya taɓa zama kusa da kwandon shara ka je ka zauna tare da shi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a bayansa, Ya sa albarka a abin da ya bari. Waɗanda suka wulaƙanta ka kuwa, iyakar addu'ar da bakina zai iya yi musu yau ita ce Allah Ya nuna musu shafinsu na farko tun suna da sauran takarda. Ni kuma ka yafe mini. Shirun da na yi ba zan goge shi ba, na ja masa layi ɗaya siriri, ga shi nan kowa ya karanta.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya karɓi wahalar da ka sha a kanmu, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Kai da ka hana mu gogewa shekara talatin da biyar, yau ina roƙon Ubangiji Ya goge maka naka kurakuran duka, kada Ya bar ko layi ɗaya. Amin.